Ƙafar Mero

Ciwon bai kai a kira shi ciwo ba sa'ad da ya fara. Mero na faskare a bayan ɗaki, wani tsagin icce ya fallatso ya yanke ta a ƙwauri, ta ɗebi toka ta danna a wurin, ta ci gaba da aikinta. Sai ga shi har damina ta faɗi wurin bai rufe ba. Kullum sai ya ƙara buɗe baki kaɗan, yana tsattsafo da ruwa. Ga kuma wata ƙishirwa da ta sa ta gaba, ta shanye moɗa bayan moɗa amma maƙogwaro a bushe.

Mijinta, Alhaji Audi, yana cikin waɗanda zamanin ya yi wa rana a garin Sheme. Shekarun da kuɗin man fetur ya malalo ne, ya samu kwangilar kai wa masu shimfiɗa kwalta tsakuwa, ya rufe ɗakunan gidansa da kwano, ya sayi a-kori-kura sabuwa fil, ya ɗauki direba mai suna Gide. Daga ƙofar gidan zuwa babban asibitin Funtuwa ba wata tafiya ba ce ga mai mota. Har ya ce ran da motar za ta shiga gari a tafi da Mero a yi mata allura.

Ana cikin haka sai Nata'ala ya zo hutu.

Nata'ala shi ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga yayar Alhaji, Goggo Bilki, ita ta goya shi, ita ta yi masa komai, kuma tun rasuwar mijinta a gidan take zaune. Mero ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba. In zancensa ya kama dole, sai ta ce "ɗan Goggo". Haka ta taso ta tarar ana yi: uwa ba ta sa baki a sha'anin ɗan fari, ba yabo ba suka. Yanzu yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana karatun harhaɗa magunguna, ɓangaren itatuwan gargajiya. An ce gwamnati za ta ɗauki mutum guda daga ajinsu ta tura shi Indiya ya ƙaro ilimin, wanda aikinsa ya fi na kowa.

Tana daga cikin ɗaki ta ji su a tsakar gida, shi da ubansa.

"Baba, kada a kai ta. Allura guda in ta shiga jikinta aikin ya ɓaci, ba wanda zai yarda ganye ne ya warkar."

"To ku a can, bisa wa kuke gwadawa?"

"Ɓeraye ake ba mu. Kowa a ajinmu ɓera zai nuna. Ni in na nuna mutum, da hoto, an gama magana."

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Kun ji ɗan nema! Wato uwar taka ce ɓeran."

"Haba Baba. Gyambo ne fa. Kafin a yanke gero ta manta ta taɓa yin shi."

Ba wanda ya leƙo ya tambaye ta. Washegari da hantsi ya yi sallama ya shigo ɗakinta, Goggo na biye da shi da kwano. Rabonsa da ɗakin tun da aka yaye shi. Mero ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango. Ta ji hannunsa ya ɗage mata zane har gwiwa. Ya auna faɗin gyambon da zare, ya ɗauko na'urar ɗaukar hoto ya haska, ya sake haskawa.

"Inna, yaya kike jin shi?"

Ta ƙara jan mayafin.

"Ana tambayarki," in ji Goggo.

"Da sauƙi," Mero ta ce wa bango.

Ya wanke wurin da ruwan sabara, ya barbaɗa garin bagaruwa da na wasu saiwoyi da ya zo da su a gwangwani, ya shafe gefe da man kaɗanya, ya ɗaure. Yana aiki yana yi wa Goggo bayani, da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo.

"Kuskuren asibiti ke nan, Goggo, ƙafa suke kallo. Mu an koya mana ba ƙafa ake yi wa magani ba, mutum ake yi wa gaba ɗayansa. Jiki da zuciya da abinci duk abu guda ne."

Ya hana ta gishiri, ya hana ta goro. Ya ce safe da yamma a dama mata zuma a ruwan ɗumi, kofi cike. Ya ce kowace safiya a fito da ita rana ta zauna tana jan numfashi a hankali tana saki, kada ta sa damuwa a ranta. Goggo ta riƙe dokokin nan kamar farilla.

Da fari abin ya yi kamar zai yi. Garin ya kama bakin gyambon, ya yi ɓawo baƙi, ruwan ya tsaya. Nata'ala ya ɗauki hoto ta nan, ya ɗauka ta can. Alhaji ya kai labari ƙofar masallaci, kafin wani lokaci ba a kiran yaron sai da Likita. Mero kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashin ɓawon. Wani zugi ne mai bugawa kamar ana daka a cikin ƙashi. Zumar kuwa, duk sa'ad da ta sha sai ƙishirwar ta ninka, idanunta su yi hazo, ta yini tana jan ƙafa zuwa bayan gida.

Ran nan suna su biyu ta ce, "Goggo, abin nan ciki yake ci."

Goggo ta aje kofin zuma da ƙarfi. "Mi kika sani cikin ciwo, ke? Yaro ya bar garinsu shekara da shekaru shina karatu, ke kina nan kina tankaɗe, sai yau za ki koya mashi? Ni na san wahalar da na sha bisa yaron nan. Ke haihuwa kawai kika yi. Ɗan abin da zai nema wurinki ke nan duk rayuwarshi, shi ma sai kin yi mashi baƙin ciki?"

Mero ta ɗauki kofin ta shanye.

Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi. Ɓawon ya tsage, abin da ya fito daga ciki ya sa Goggo kanta ta kau da kai. Ƙuda suka samu wurin zama. Tun daga ranar da warin ya fara, na'urar hoton ba ta ƙara shigowa ɗakin ba. Nata'ala yakan zo, ya ƙara gari a kan na jiya, ya ɗaure da sauri. Kullum sai ya tambaya yaya jiki, kullum sai ta ce da sauƙi. Shi ɗan garin ne, ya san ko mai gargara aka tambaya abin da zai ce ke nan. Amma sai ya gyaɗa kai, ya fita ya gaya wa ubansa ita da bakinta ta ce tana samun sauƙi.

Da Alhaji ya leƙo wata safiya, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ta tattara ƙarfinta.

"Alhaji, da an taimaka an kai ni Funtuwa."

"Ikon Allah. Ba ke kika ce da sauƙi ba?"

"To mi zan ce mashi, Alhaji?"

"Ki yi haƙuri mana. Ni yanzu duk gari an san ɗana ke maki magani. In aka ga an ɗauke ki a mota, da wane ido zan kalli mutane? Kuma ya ce malaman asibitin nan sun san malamansu, magana ba ta da wuyar tahiya. A bari a yi zaɓen nan na zuwa Indiya tukuna. In an ɗauke shi, ko Kaduna kike so sai in kai ki."

"Ƙafar ba ta jira, Alhaji."

"Kowa da kika gani akwai abin da ya sadaukar don 'ya'yanshi. Ni kin san abin da na kashe?"

Ya juya. Ta ji Gide ya tada motar, suka tafi wajen tsakuwa.

Suwaibatu, ɗiyarta da ke aure a Tafoki, ta zo ganin gida ba tare da ta san abin ya kai haka ba. Tun daga tsakar gida ta toshe hanci tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a rumbu. Da ta kwance tsumman ta ga yatsun ƙafar sun fara baƙi, sai ta fasa kuka ta fito. Mero na jin su ta taga.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Ka ga ƙafar kuwa?"

"Ke dai ba ki sani ba. Jiki ne ke fitar da dafi. Dole sai ya yi muni kafin ya gyaru, haka yake a littafi."

"Littafin ya ce tsutsa ma magani ce? Tsutsa na gani da idona!"

"Rage murya."

"Ba ni ragewa! In kai ba ka san zafinta ba don ba ita ta goya ka ba, mu mun sani."

Goggo ta fito tana tafa hannu. "Lale! An zo daga ƙauye za a koya wa Likita aiki. Ke ko alif kin sani?"

Suwaibatu ta fita zaure wurin Gide, ta roƙe shi ya tada mota ko sau ɗaya ne ba da sanin kowa ba. Gide ya sunkuyar da kai ya ce shi ɗan aike ne, yana da iyali, in aka kore shi ina za shi. Kafin la'asar Alhaji ya dawo ya ji abin da ya faru. Ya ce matar aure ba za ta zo gidansa ta ɗaga wa yayanta murya ba, ta tattara ta koma ɗakin mijinta. Motar da ba ta kai uwar asibiti ba, ita ta kai ɗiyar Tafoki.

Bayan wannan aka ce warin yana hana Alhaji cin abinci, aka mayar da Mero ɗakin baya, kusa da turken awaki, wanda ba a kai ga rufe shi da kwano ba. In an yi ruwa sai ta ja tabarma gefen da ba ya yoyo. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana kaɗa ta har haƙoranta su haɗu. Ta daina jin yatsun sam, zafin ya hau zuwa gwiwa. Zaman rana ya gagara, amma zuma ba ta fasa zuwa ba. Nata'ala ya daina shiga. Sai ya tsaya daga waje da hankici a hanci, ya miƙa wa Goggo gwangwanin, ya ce a gaya wa Inna ta riƙa kwantar da hankalinta, damuwa ce ke hana maganin aiki.

Wani lokaci, in zazzaɓin ya sauka, takan kwanta tana kallon azara tana tunanin yaron. Ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ran da ya fara tafiya, daga bayan danga ta leƙa. Ran da aka kai shi makarantar kwana ta soya gyaɗa ta ba Goggo ta ce a ce ita ta yi. Yanzu ga shi karon farko ya nemi wani abu a wurinta. Sai ta ce wa ranta wataƙila da gaske dafin ne ke fita.

Nata'ala ya tafi wajen zaɓe da hotunansa, na kwanakin da ɓawon ya yi kyau. Ana fara cin sabon gero labari ya zo an ɗauke shi. Mero ta ji guɗar Goggo daga ɗakin baya. Ta yi hamdala a ranta, ta ce to yau dai za a kai ta. Ba a kai ta ba. Alhaji ya shiga hidimar walima, motar kullum tana kan hanya, yau raguna daga Ƙanƙara, gobe gayyatar abokansa a Sabuwa.

Ranar walimar da sassafe ne Goggo ta tsaya a tsakar gida ta shaƙi iska ta ce, "Audi, mata fa za su cika gidan nan. Wanga wari ba turaren da zai danne shi."

Alhaji ya yi ɗan tunani. Ya ce ai dama Gide za shi Funtuwa ɗauko lemon kwalba, sai ya sauke ta asibiti. Aka shimfiɗa mata tabarma a bayan a-kori-kura, tsakanin akwatunan kwalabe, aka fita da ita ta ƙofar baya. Suwaibatu, da ta zo walima da sabon zanenta, ta haye ta tallafi kan uwar a cinyarta.

A asibiti, malamar da ta kwance tsumman ta yi salati ta kira likita. Likitan Ba'indiye ne. Ya duba, ya sa aka ɗebi jini da fitsari, ya yi magana, wani ma'aikaci yana fassarawa. Ya ce tana da ciwon sukari, shi ya hana gyambon rufewa. Ya tambayi abin da take ci, da aka ambaci zuma sai ya dafe kai. Ya ce da a ce tun farkon damina aka kawo ta, da wanki da allura sun isa. Yanzu sai an yanke, kuma yau, in ana son ranta. Ya tambaya wa ya yi ta danƙara mata wannan garin.

Suwaibatu ta buɗe baki, Mero ta damƙe mata hannu.

"Ni ce," ta ce. "Ni na yi ta sa abina."

Aka ce sai mijinta ya zo ya amince. Suwaibatu ta ruga waje, Gide ya riga ya tafi da lemo. Aka aika da saƙo ta hannun wani mai lodi. Saƙon ya iske Alhaji a tsakiyar baƙi, ya ce ba ya tashi ya bar manyan mutane a ƙofar gidansa. Sai washegari bayan azahar ya iso. Da an yi a jiya, in ji likita, da ƙasan gwiwa za a tsaya. Aka yanke daga cinya.

Nata'ala ya biyo ta asibitin ran da za shi Kano hawa jirgi, cikin kwat, Goggo na riƙe masa da jaka. Ya tsaya a ƙarshen gadon, ya dubi inda bargo ya kwanta shafal, ya girgiza kai.

"Mutanen nan ba su san komi ba sai wuƙa," ya ce wa Goggo. "Saura ƙiris fa dafin ya gama fita. Da an bari na ƙarasa."

Mero ta rufe fuska da mayafi har ya fita.

Kafin a sallamo ta, maganar nan ta riga ta gida. Duk Sheme an san yadda aka yi: Likita yana gab da warkar da uwarsa, sai ƙanwarsa mai rawar kai ta ɗauke ta ranar walima ta kai wa masu yanka. Alhaji ma da ya faɗa sau biyu sau uku, sai ya yarda haka aka yi.

Aka mayar da ita ɗakinta na da, tunda warin ya tafi. Mata suka riƙa zuwa dubiya ƙungiya-ƙungiya, Goggo na zaune bakin gado tana ba da labari, su kuma suna cewa rashin haƙuri bai yi ba, Allah Ya kiyaye gaba. Mero na kwance tana jin su.

Wata rana ɗakin ya cika, sai maƙwabciyarsu Larai ta shigo tana jan ɗiyarta Nana, yarinya da ba ta daɗe da fara talla ba. Tsohuwar ƙusa ta soke ta a tafin ƙafa, wurin ya kumbura, tana ɗingishi. Bayan gaisuwa Larai ta ce, "Goggo, ko akwai sauran garin Likita? Uban ya ce a kai ta Funtuwa, na ce a'a, ba da ni ba, kada su mayar mani da ɗiya gurguwa."

"Akwai mana," in ji Goggo. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin.

Mero ta dubi ƙafar yarinyar, 'yar ƙarama, da sauran lalle a yatsu. Ta dafa katifa ta tashi zaune.

"Larai, ki kai ta asibiti yau."

"Kwanta ke dai," in ji Goggo.

"Ba asibiti suka cinye mani ƙafa ba. Nata'ala ne. Maganin Nata'ala ne, kuma ya gani da idonshi tana ruɓewa."

Wata tsohuwa ta kama baki. Wata ta ce, "Innalillahi. Sunan ta faɗa?" Goggo ta miƙe tana salati tana cewa su shaida, su ji da kunnensu abin da take zaune da shi. Matan suka fara neman takalmansu.

Har aka gama girbi zancen da ake yi ke nan a bakin rijiya da gidajen suna. Ba a yi zancen damina guda da mace ta yi tana ruɓewa a ɗakin awaki da mota a ƙofar gida ba. Ba a tambayi wanda ya riƙe makulli ba, ko wanda ya dama zuma. Abin da ya girgiza mutane shi ne, wai Mero ta Alhaji Audi ta kama sunan ɗan farinta a tsakiyar mata, gatsal, har tana ɗora masa laifi yana wata ƙasa yana nemo wa gari suna. Wasu suka ce allurar barcin da aka yi mata ce ta taɓa mata kai. Wasu suka ce dama can haka take, kunyar ta ganin ido ce. Alhaji ya ce a daina barin baƙi suna shiga wurinta, don rufin asirinta.

Ita kuwa Larai, a ranar ba ta fita tare da sauran ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban Mero, tana duban Goggo. Can ta ce ai maganar wanda ciwo ya gigita ba abin kamawa ba ce. Ta shimfiɗa gefen zanenta, Goggo ta zuba mata garin ta ƙara mata, ta ƙulle. Mero na kiranta tana cewa ta ji tsoron Allah, ba ta waiwayo ba. Ta ja hannun Nana, yarinyar na taka ƙafar da gefe, suka fita.